Ran Da Amya Ta Zama Kango

Akwai hasarar da kan zo da kururuwa, irin gobara ko ambaliya, kowa ya ji ya kawo gudummawa. Akwai kuma wadda kan zo a sace, ba mai farga da ita sai ta ci rabin gida. Wadda muke so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu ɗalibai a kanta a wannan fitowa tana cikin kashi na biyu, watau raguwar ƙudan zuma a karkarar da ke kewaye da mu. Mun san wani zai yi murmushi, ya ce ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, a rasa abin da za a cika shafi da shi sai ƙwaro mai harbi. To, muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri da mu, domin maganar ta shafi farashin kayan miya a kasuwar Samaru fiye da yadda ake zato.

Duk wanda ya taɓa fita daga Samaru ya nufi Bomo, ko ya bi hanyar Shika zuwa Giwa, in ya ɗaga kai ya dubi manyan itatuwan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, zai hangi wani dogon abu kamar ganga an ɗaure a tsakanin rassa. Wannan ita ce amya. Da ciyawa ake saƙa ta, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta da ƙamshin da zai jawo ƙuda, sa'an nan a hau da ita bisa a ɗaure. Wasu kuma tukunya suke kifewa a reshe. Abin lura a nan shi ne, mai amya ba ya sayen ƙudan zuma, ba ya kuma kiwonsa kamar yadda ake kiwon tumaki. Ɗaki kawai yake ginawa ya jira baƙo. In akwai ƙuda a daji, ran nan sai ayari ya taso daga kogon wani itace ya tare a cikin amyar. In babu, haka za ta yi ta rataye har rana da ruwa su cinye ta. Saboda haka amya ma'auni ce ta lafiyar daji, kuma kukan da masu amya ke yi yanzu shi ne, sai mutum ya rataya da yawa kaɗan su kama, waɗanda suka kama ɗin ma sai su tashi tun ba a ɗebi kome ba.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan damuwa ba. A ƙarshen shekarar 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara buɗe akwatunansu suna tarar da abin al'ajabi: ga zuma, ga 'ya'ya a cikin saƙa, ga uwar gida, amma ma'aikatan sun ɓace, ko gawarsu babu. Tun daga lokacin ake ta bincike, aka kuma gano cewa abubuwa da yawa ne suka taru. Akwai wata 'yar mitsitsiyar kaska da masana ke kira barrowa, wadda asalinta daga ƙudan zuman Asiya take, ta shiga Amurka cikin 1987, tana maƙale wa ƙuda tana cinsa tana kuma sa masa cututtuka. Akwai magungunan ƙwari, akwai kuma yunwa, domin gonar da ta yi mil da mil ba kome cikinta sai masara, hamada ce a wurin ƙudan zuma. Abin bai wuce ba har yanzu, don tsakanin tsakiyar 2024 da farkon 2025 manyan masu kiwon zuma na Amurka sun ba da rahoton hasarar kimanin kashi 62 bisa ɗari na amyoyinsu. A jihar Kalifoniya, wadda ke noma kusan kashi 80 bisa ɗari na almon ɗin duniya, kowane watan Fabrairu sai an yi lodin akwatunan zuma wajen miliyan biyu a manyan motoci an kai su gonaki, manomi ya biya kuɗin haya. Aikin da ƙuda ke yi mana kyauta a Hunƙuyi da Soba, can da dala ake sayensa.

Amma a nan ya kamata mu yi hattara. Mu ɗalibai muna da wata ɗabi'a ta haddace ciwon Turai mu zo mu ɗora wa majinyacinmu, sa'an nan mu rubuta masa maganin Turai. Gaskiyar magana ita ce, in an haɗa duniya duka, yawan amyoyin da mutane ke kulawa da su ya ƙaru ne tun daga 1961, kamar yadda alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna, sai dai bukatar aikin ƙudan ta fi yawansa saurin ƙaruwa. Haka kuma kaskar nan ta iso Afirka, an gan ta a Afirka ta Kudu cikin 1997, a Kenya cikin 2009, daga baya aka same ta a Nijeriya, amma ba ta yi wa ƙudan Afirka ɓarnar da ta yi wa na Turawa ba. Namu jarumi ne, mai zafin rai, mai jure cuta. Yana kuma da wani hali guda da ya bambanta shi: in wuri ya yi masa ƙunci, ko abinci ya yanke, ko an dame shi, ba ya zama ya mutu a gida, tattara nasa ya nasa yake yi ya yi ƙaura. Don haka idan amya ta zama kango a ƙasar Zazzau, tambayar da za a fara yi ita ce, me ya kore shi, kuma ina ya rage masa da zai koma?

Kafin mu amsa, bari mu faɗi abin da ke cikin hatsari, don kada a ɗauka maganar zumar shan fura ce kawai. Yawancin tsirrai ba sa yin 'ya'ya sai an ɗauki bununin wani fure an kai wa wani, abin da malaman kimiyya ke kira barbarar fure. Dawa da gero da masara iska ce ke yi musu wannan hidima, shinkafa kuwa da kanta take yi, saboda haka ko da ƙudan zuma ya ƙare, tuwo zai samu. Miyar ce za ta yi wuya, da abin marmari, da abin da manomi ke sayarwa ya sami kuɗin sutura. Kabewa da kankana da gurji furensu namiji daban ne mace daban, in ƙwaro bai yi zirga-zirga tsakaninsu ba, sai furen ya bushe ya faɗi. Manomin da ke ajiye albasa don ya sami iri, ƙuda ne ke cika masa kan albasar. Riɗi da auduga da kuɓewa suna iya yi da kansu, amma sun fi yin albarka in ƙuda ya ziyarce su. Wani bincike da aka buga cikin 2017 a kan gonakin Burkina Faso, ƙasar da yanayinta bai da nisa da namu, ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma na iya ƙara amfanin auduga da riɗi har zuwa kashi 62 bisa ɗari. A ƙasar da auduga ta gina Funtuwa ta kuma kawo injin gurza Zariya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ita ma kaɗanya, wadda uwayenmu mata ke tsintar 'ya'yanta su yi man kaɗe, tana dogara ga ƙudan zuma. Rahoton da masanan duniya suka fitar cikin 2016 ya ce kimanin kashi 75 bisa ɗari na ire-iren amfanin gonar da ɗan Adam ke ci suna da bukatar wannan aiki ko da kaɗan ne. A wasu yankunan lardin Sicuwan na ƙasar Sin, abin ya kai mutane na hawa itatuwan marmari da ɗan buroshi a hannu, suna bin fure ɗaya bayan ɗaya suna yin aikin da ƙwaro ya bari.

To, me ke korar ƙudan daga karkararmu? A ganinmu babban mai laifi shi ne gatari. Ƙudan zuma yana bukatar itace ta fuska biyu, wurin kwana da wurin ci. Kogon tsohon itace shi ne gidansa na asali, inda ayarin da zai cika amya ke fitowa. Abinci kuwa, da damina ba shi da matsala, ko'ina fure ne. Da rani ne ake gane amfanin itace. Gawo kan yi fure bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta fara bushewa. Mangwaro da kaɗanya su karɓa da hunturu, ɗorawa ta biyo baya, darbejiya ta rufe da bazara. Haka suke miƙa wa juna kamar masu gudun ba da sanda, har ruwa ya sauko, kuma daga wannan ne ake samun babbar ɗibar zuma kafin damina. In aka cire ɗaya daga cikinsu, an bar wa ƙuda wata guda ko biyu na yunwa, shi kuwa ba ya jiran yunwa.

Kakanninmu sun san darajar waɗannan itatuwa. Manomi kan sassabe gonarsa ya bar ɗorawa da kaɗanya da kuka a tsaye, har akan yi shari'a a kan ɗorawa guda wajen rabon gado. Yau kuwa kowa na ganin buhunan gawayi jibge a bakin hanya, da motocin itace masu shigowa Sabon Gari da asuba. Kaɗanya na cikin waɗanda masu gawayi suka fi so saboda ƙarfin itacenta, alhali kuwa tana ɗaukar shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ba za mu zauna a inuwar ɗakin karatu mu zagi mai gatari ba. Tun da kananzir ya gagari talaka, gas kuma ya yi tsada, matar gida ba ta da zaɓi sai gawayi, kuma da yawa daga cikinmu da ke zaune a Hayin Dogo da Zangon Shanu da shi muke dafa taliya. Ga kuma gari yana ta cin gona. Filayen da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari, ta Palladan da Hanwa da hanyar Basawa, sun cika da gine-gine, kuma mai sabon fili abin da yake fara yi shi ne ya kira mai injin yanka.

Na biyu shi ne feshi, kuma nan ne muke ganin iliminmu ya fi shiga. Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980 aka koya wa manomi cewa noman zamani shi ne taki da magani. Ya kuwa ɗauki darasin. Abin da bai kai gare shi sosai ba shi ne sauran rabin darasin, watau wane magani, nawa, kuma yaushe. A je layin masu maganin gona a kasuwar Sabon Gari a ga yadda ciniki ke tafiya. Kwalba rubutunta da Turanci, mai saye bai iya karantawa ba, mai sayarwa ya ce masa murfi biyu, shi kuma ya zuba huɗu don ya tabbata. Sa'an nan ya goya famfo ya shiga gonar wake da hantsi, daidai lokacin da wake ke fure, daidai kuma lokacin da ƙuda ya fito kiwo. Wanda maganin ya taɓa ya faɗi nan take, wanda ya tsira ya kwashi gubar ya kai wa na gida. Maganin ciyawa shi ma, ko da bai kashe ƙuda kai tsaye ba, yana share furannin gefen gona da na kan iyaka, waɗanda dā fartanya kan bari.

Akwai wani rukunin magungunan ƙwari da ake kira niyonikotinoyid. Su ba sa tsayawa a bayan ganye, shiga jikin tsiro suke yi har su kai ga fure da ruwan zaƙinsa, kuma ko ƙudan bai mutu ba sai ya ruɗe ya kasa gane hanyar gida. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da uku daga cikinsu cikin 2013, ta kuma hana amfani da su a fili gaba ɗaya cikin 2018. Amma an ci gaba da kawo su Afirka, har daga kamfanonin Turan kansu, kuma ɗaya daga cikin ukun yana cikin garin maganin da manomanmu ke cuɗa iri da shi kafin shuka. Abin da suka ce bai dace da ƙwaronsu ba, ya dace da namu ke nan? Kada kuma a manta, cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Waken da suka ƙi, mu muka cinye shi. Hannun da ke kashe ƙudan zuma a gona, shi ne ke zuba mana a kwano.

Sauran dalilan ba sa bukatar dogon bayani. Akwai ƙunar daji da rani don farautar gafiya da zomo, wadda kan haɗa da amya da kogo. Akwai masu ɗibar zuma da dare da damin ciyawa mai ci da wuta, su babbake ƙudan su kwashe saƙa duka har da 'ya'ya, kamar mai yanka saniya don ya sha nono. Masu iya magana sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi, amma ba su ce sai an ƙone mai zumar ba. Akwai kuma rashin tsaro. Hare-haren da aka sha kai wa ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, musamman cikin 2021 da 2022, sun raba mutane da dama da dazuzzukan da suke rataya amyoyinsu.

Sakamakon yana nan a kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci ya yi tsada, sai maha'inta su shigo. Kowa ya san ana dafa sukari ko ruwan rake har ya yi kauri ya yi ja, a ɗura a kwalba, wani lokaci a jefa guntun saƙa da matattun ƙuda biyu don shaida, a kai tasha a sayar wa matafiyi. Mu kuwa sai mu tsaya muna gwaji da ashana ko ɗiga wa a ruwa, gwaje-gwajen da ba sa raba gaskiya da ƙarya. Abin takaicin shi ne, yawancin masu sayen zuma a ƙasarmu don magani suke saye, a kai wa tsoho ko mai jego ko mai tari. Al'ummar da Alƙur'aninta ke da sura sukutum da sunan wannan ƙwaro, Suratun Nahli, wadda kuma hadisi ya hana ta kashe shi, bai kamata ta zama ita ce ke shayar da majinyacinta dafaffen sukari ba.

Me za a yi? Ba mu ce a daina feshi ba, domin wanda ya ce wa manomin wake ya ajiye famfo bai taɓa ganin abin da tsutsa ke yi wa gona ba. Abin da muke cewa shi ne a yi shi da yamma liƙis bayan ƙuda ya koma gida, a kiyaye awo, a guje wa lokacin da fure ya buɗe in da hali, a kuma gaya wa maƙwabci mai amya kafin a yi. Wannan ba ya cin ko kwabo. Haka kuma duk abin da zai rage yawan feshin, riba ce ga ƙuda. Cikin 2019 aka fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta nan Samaru ta samar, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, kuma masu aikin sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Mun san akwai muhawara mai zafi a kan irin da aka sauya wa halitta, ba kuma nan ne wurin yanke ta ba. Muna dai so a riƙa sa ƙudan zuma cikin lissafi duk lokacin da ake yin ta.

Game da itace kuwa, darasin yana wajen 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 da na farkon 1980 ƙasarsu ta kusa zama fako. Daga 1983 aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su rene su, su sare sauran. Sassaben zamani suke kiransa. Ba gandun renon itace, ba ban ruwa, ba bikin dashe da manyan baƙi da 'yan jarida. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. In an yi haka inda ruwan sama bai kai rabin namu ba, ba mu ga abin da zai hana a yi a Zazzau ba.

Saura namu. Muna zaune a wurin da aka fara binciken aikin gona tun 1922, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello kanta cikin 1962. Ga masana ƙwari, ga masana tsirrai, ga cibiyar da aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma da Hausa ta rediyo da takardu. Kowace shekara ɗaruruwanmu na neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa, da yawa kuma sukan ƙare da maimaita abin da na gabansu suka rubuta. Me zai hana wasunmu su ɗauki ƙauyuka goma na kewayen Samaru, su zauna da masu amya, su ƙidaya nawa aka rataya, nawa suka kama, nawa suka tashi, a wane wata, kusa da wace gona? Na bayansu su maimaita baɗi, na bayan waɗancan su sake. Cikin shekara biyar za a sami alƙaluman da za a iya ajiyewa gaban kowace hukuma. Tsofaffin nan da ke hawa ɗorawa da dare sun san abubuwa game da ƙudan wannan ƙasa da ba su cikin littattafan da muke haddacewa, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma acaɓa.

Muna kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ɗauki ranar 20 ga watan Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ƙudan zuma tun 2018, ta gayyato masu amya daga Bomo da Shika su hau mumbari su yi mana lacca, mu zauna a ƙasa mu saurara. A nemi izini a ajiye akwatunan zuma na zamani can gefen dam ɗin Kubanni, nesa da ɗakunan kwana, ɗalibai su koyi ɗiba da hayaƙi ba tare da kisa ba, su koyi tace kaki maimakon zubar da shi. Habasha ce kan gaba a Afirka wajen zuma, kuma yawancinta daga amyar gargajiya irin tamu take fitowa.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar izinin kowa. Lokaci lokaci ayarin ƙuda kan sauka a reshen mangwaro kusa da ɗakin kwana, ya dunƙule kamar tulu, sai ka ga an rugo da fiya-fiya da tsumma da fetur. Ayarin da ke kan hanya bai cika faɗa ba in ba a tsokane shi ba, masauki kawai yake nema, kuma yawanci kwana ɗaya ko biyu zai yi ya wuce. A ja baya, a hana yara jifa, a aika a kira mai amya. Zai zo da murna, don a wurinsa wannan dunƙulen jari ne.